Yadda Ake Duba Tsohon Littafin Hannu, Har da Shafukan da Ke Ba Mutane Tsoro

A gidajen malamai da dama na Kano, Katsina, Zariya, Sakkwato, Damagaram da Agadas, akwai wata adaka ko wani tsohon akwati da ba a cika buɗewa ba tun bayan rasuwar mai shi. Ranar da magada suka buɗe, sukan tarar da gafaka wadda fatarta ta bushe, da takardu warwatse da aka ɗaure da tsirkiya, wasu na fiƙihu, wasu na waƙoƙi, wasu kuma cike da gidajen hatimi da haruffan da ba su haɗu sun ba da kalma ba. A nan ne ake yin asarar da ba ta gyaruwa, domin wani yakan tsorata ya cinna wa tarin wuta, wani kuma yakan ɗauka dukiya ce ya miƙa wa dillali a kan kuɗi kaɗan. Abin da nake so mai karatu ya koya shi ne ya iya zama da irin wannan littafi na awa ɗaya ko biyu, ya tambayi takardarsa da tawadarsa da hannun da ya rubuta shi, kafin ya yanke masa hukunci.

Kafin ka kwance igiyar

Ka nemi wuri mai haske wanda rana ba ta dukansa kai tsaye, ka shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan tabarma ko tebur, ka kashe fanka, domin iska ɗaya tana iya hargitsa warƙoƙin da suka shekara ɗari a jere. Ka wanke hannu ka bar shi ya bushe sarai, kuma idan kana zaton akwai Alƙur'ani a ciki, alwala ta gabaci komai. Safar hannu ba ta da amfani a nan, don tana rage wa yatsu ji, har mutum ya yaga gefen takarda bai sani ba. Kada a kawo shayi ko ruwa kusa, kada a lashi yatsa don buɗe shafi, kuma abin rubutun da za ka riƙe ya zama fensir.

Ka sani cewa littafin ƙasarmu na asali ba a ɗinke shi. Warƙoƙi ne sake-sake da ake jerawa tsakanin tadarishi, wato bangon littafi na sama da na ƙasa, a ɗaure, a zura cikin gafaka. Wannan ya sauƙaƙa wa malami ya raba wa almajirai biyar warƙoƙin littafi ɗaya su yi ta karatu a lokaci guda, amma shi ne kuma ya sa littattafai ke cakuɗewa. Saboda haka kada ka fara da gyara jeri. Ka ɗauki hoton tarin yadda ka same shi, ka riƙa ɗaga warƙa ɗaya kana kifawa a gefe, ta biyu a kanta, yadda idan ka gama za ka iya mayar da komai mazauninsa. Ko jerin da ya zama kamar hargitsi yana iya nuna abin da mai littafin ya karanta a ƙarshen rayuwarsa.

Abin da takarda ke faɗa

Ka ɗaga warƙa ɗaya mai ƙwari da hannu biyu, ka sa ta tsakaninka da hasken taga. Idan takardar hannu ce, wadda aka yi da tsummokaran lilin, za ka ga siraran layuka masu yawa a jere kusa da juna, da wasu ƙalilan masu tazara da suka gitta su. Waɗannan sawun rariyar da aka tace takardar a kanta ne. A wasu warƙoƙin kuma za ka ga tambari a cikin jikin takardar, wanda ba ya bayyana sai an haska. Wanda ya fi yawa a littattafanmu shi ne jinjirin wata guda uku a jere, babba da matsakaici da ƙarami, kuma masana'antun arewacin Italiya ne suka riƙa yin sa domin kasuwannin Musulmi. Daga can takardar ke ƙetare teku zuwa Tarabulus da Masar, sannan ayarin raƙuma su ratso Sahara da ita zuwa Borno da Kano. Idan ka ga fuskar wata a cikin garkuwa, ko haruffan boko AG, to wannan alamar gidan Galvani ce na garin Pordenone, wanda takardarsa ta cika kasuwanninmu a ƙarni na 19 har zuwa farkon na 20.

Amma kada tambari ya ruɗe ka har ka ce ka gano shekarar littafi. Masana'antu da yawa sun yi amfani da wata uku na tsawon zamani, kuma takarda tana iya daɗewa a hanya ko a rumbun ɗan kasuwa kafin alƙalami ya taɓa ta. Iyakar abin da tambari ke tabbatarwa shi ne ba a yi rubutun kafin a yi takardar ba. Takarda mai santsi ƙwarai wadda ba ta da sawun rariya, ko mai layukan rubutu irin na littafin makaranta, galibi tana nuna zamanin da ya biyo bayan 1903, lokacin da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato, kaya suka koma shigowa ta bakin teku. Haka nan ka lura da tsadar takarda a wancan zamani, wadda za ka gane ta daga yadda ake ƙanƙanta rubutu da yadda ake cike bayan wasiƙa da wani darasi dabam.

Tawada da hannun marubuci

Tawada iri biyu za ka fi haɗuwa da su. Akwai ta gawayi ko baƙin tukunya da aka dama da ƙaro, wadda take zaune a saman takarda, baƙa wuluk, kuma ɗigon ruwa ɗaya yana iya wanke ta, don haka ne ta dace da allo. Akwai kuma wadda ake haɗawa da bagaruwa da ƙarfe, wadda ke shiga jikin takarda, ta koma ruwan ƙasa idan ta tsufa. Ita wannan ta biyun ba ta gogewa, sai dai idan haɗin ya yi ƙarfi takan ci takardar a hankali, har ka ga harafi ya huje ya bar siffarsa a matsayin rami. Warƙar da ta kai wannan hali ba a ɗaga ta da yatsu, sai a zura mata farar takarda a ƙarƙashi a ɗauke su tare.

A Alƙur'anin hannu launuka suna da aiki, ba ado kaɗai ba ne. Baƙi na jikin haruffa ne, ja na wasulla, rawaya na hamza, kore kuma na alifin da ake sadarwa. Zayyanar da ke gefen shafi tana nuna hizifi ko rubu'i ko sumuni ko wurin sujada, kuma a nan ne mai rubutu ke samun damar nuna gwanintarsa. Rubutun kansa daga na Magrib ya samo asali, shi ya sa harafin fa yake da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, saɓanin abin da wanda ya saba da bugun Masar ko Madina ya sani. Hannun Barno yakan zo da kauri da kusurwa, na Kano ya ɗauko daga gare shi ya ƙara masa nauyi da tsari. Idan waƙar Hausa ce ko ta Fulfulde a ajami, ka nemi ɗigon imala a ƙarƙashin harafi, wanda aka aro daga ƙira'ar Warshu domin rubuta wasalin e.

Akwai tarko guda da ke kama sabon mai dubawa. Tun wajen tsakiyar ƙarni na 20 madaba'u suka riƙa buga littattafai daga hoton rubutun hannu, irin waɗanda ake sayarwa a Kasuwar Kurmi, su ma sake-sake ba ɗinki. Idan irin wannan bugu ya tsufa ya sha hayaƙi, yakan yi kama da na hannu. Ka karkata warƙar ga haske: a rubutun hannu za ka ga inda alƙalami ya ɗebo tawada da inda ta fara ƙarewa, a bugu kuwa baƙin ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kuma sau da yawa akwai sunan wanda ya ɗauki nauyin bugawa a shafin farko ko na ƙarshe.

Jeri, tammat da ramzi

Tun da ba a cika sa lambar shafi ba, marubuta sun bar wata dabara. A ƙasan bayan kowace warƙa, can gefen hagu, akwai kalma ɗaya tilo, ita ce kalmar da warƙa ta gaba za ta fara da ita. Da wannan za ka gane ko littafi ya cika ko an yi giɓi, kuma idan ka tarar da inda kalmar ba ta dace ba, ka rubuta a takardarka ta dabam, kada ka taɓa jikin littafin.

Daga nan ka nufi ƙarshe, inda aka rubuta tammat, wato an kammala. A wurin ne wanda ya juya littafin yakan ambaci sunansa da na wanda ya rubuta wa, ya roƙa wa kansa da iyayensa gafara, wani lokaci ya faɗi rana da wata amma ya bar shekara. Wajibi ne ka bambanta mawallafi da mai juyawa. Littafin da ke ɗauke da sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, ko waƙar 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ba lalle ne ya fito daga hannunsu ba, mafi yawa almajirai ne suka juya daga baya, wani bayan shekara hamsin, wani bayan ɗari. Wannan bai rage masa daraja ba, domin yana nuna har ina karatun ya kai.

Mawaƙa sukan ɓoye shekara a cikin kalma, abin da ake kira ramzi. Kowane harafi yana da adadi, sai dai lissafin da malamanmu suka bi na Magrib ne, wanda a cikinsa shin take 1000, sin 300, sad 60, lad 90. Wanda ya yi amfani da lissafin Gabas zai ɓata da ɗaruruwan shekaru. Misali, idan ramzin ya ƙunshi shin da ra da fa, ka tara 1000 da 200 da 80, ka sami 1280 ta Hijira. Don kusantar shekarar Miladiyya sai ka ninka da 0.97 ka ƙara 622, wanda zai kai ka 1863 zuwa 1864. Ka tuna ramzi yana faɗin lokacin da aka tsara waƙar ne, ba lokacin da aka rubuta kwafin da ke hannunka ba.

Gefen shafi ma kada a raina shi. Ƙananan rubuce-rubucen da ke tsakanin layuka da hashiya su ne muryar zaure: fassarar kalma da Hausa, gyaran malami, tarihin haihuwar ɗa, lissafin bashi. A wasu tsofaffin Alƙur'anan Borno, waɗanda ɗaya daga cikinsu ke ɗauke da shekarar 1669, irin wannan rubutun gefe ne ya adana tsohon harshen Kanembu, wanda yake cikin mafi daɗewar shaidar rubuta harshen Afirka da haruffan Larabci a wannan yanki.

Shafukan da ake gudu

Yanzu mun iso inda mutane ke ja da baya. Kundin malami yakan ƙunshi hatimai, da ɗalasimai, da sunayen da ba a san harshensu ba, da zanen kunama ko maciji ko takobi, da fa'idoji na neman tsari daga ƙarfe, da maganin mayu, da na mallakar zuciyar wani. Wasu shafukan suna da muni a fili, domin sukan yi bayanin yadda za a cutar da maƙiyi. Ban ga dalilin ɓoye wannan ba, kuma malaman da suka gabata ma ba su ɓoye ba, Shehu Usmanu da kansa ya yi kakkausar suka ga masu duba da bugun ƙasa da masu rubuta sunayen Allah a kan ƙazanta. Amma karanta shafi domin sanin abin da ya faru dabam yake da aikata abin da ke cikinsa, kamar yadda alƙali ke sauraron bayanin sata ba tare da ya zama ɓarawo ba. Hukuncin aiki da waɗannan abubuwa na malaman shari'a ne, mai duba tarihi kuwa tambayarsa ita ce: me mutanen nan suke tsoro, kuma me suke nema?

Ka fara da ƙidaya, domin yawancin hatimai lissafi ne. Mafi shahara shi ne mai gida tara, uku a tsaye uku a kwance, wanda ake jingina wa Imamu Gazali. Layin sama 4, 9, 2 ne, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6, kuma duk ta inda ka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, 15 za ka samu. Idan aka mayar da lambobin kusurwa huɗu haruffa, wato 2 da 4 da 6 da 8, sai su ba da ba, dal, waw da ha, daga nan kalmar buduhu ta fito, wadda za ka gani a kan layu da bayan wasiƙu. Wannan jeri ɗin dai Sinawa sun san shi tun zamani mai nisa, kuma mai zanen nan na Jamus, Albrecht Dürer, ya sa hatimi mai gida 16 a wani zanensa mai duhu na 1514, inda kowane layi ke ba da 34. Idan ka gwada hatimin da ke gabanka ka ga wani layi ya ƙi daidaita, to ka kama kuskuren mai juyawa, kuma wannan yana nuna maka cewa ya kwafa ne ba tare da ya san ƙa'idar ba.

Ƙasar Hausa ta fitar da gwani a wannan fanni. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya yi hajji ya zauna a Alƙahira, ya wallafa littafi a 1732 a kan hanyoyin gina hatimai masu gidaje mara, wato adadin da ba ya rabuwa biyu daidai, kuma ya rasu a can a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Masana tarihin lissafi suna ambatonsa har yau. Duk wanda ya ƙona kundi saboda ya ga gidajen lambobi, yana iya ƙona wani reshe na wannan ilimi bai sani ba.

Bayan ƙidaya, ka karanta buƙatun da aka jera, ka lura da wanda ya fi maimaituwa. Kundin da ya cika da tsarin kibiya da mashi da neman kuɓuta daga kamu ya fito ne daga zamanin yaƙi da farautar bayi. Wanda ya cika da maganin agana da na wahalar naƙuda da na mutuwar jarirai yana ba ka labarin gidajen da suka yi ta binne 'ya'yansu. Wanda ya damu da ɓarayin hanya da cinikin goro, mai yiwuwa na fatake ne masu bin hanyar Gwanja. A Kwapanhagan ta ƙasar Denmak akwai tarin takardu, mafi yawansu na tsari da addu'o'i, waɗanda Musulmin Kumasi, babban birnin Asante a ƙasar Gana ta yau, suka rubuta, aka kwashe su daga sansanin Asante bayan yaƙin Katamanso na 1826, kuma da su ne masana suka fahimci matsayin malamai a fadar Asante. A Jami'ar Northwestern ta Amurka kuma akwai ɗakin karatun Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano da ya rasu a 1962, mai ɗauke da abubuwa fiye da 3,000, inda fiƙihu da waƙoƙin Tijjaniyya da magunguna da asirai suke zaune wuri guda. Darajar wannan tari ta zo ne daga kasancewar ba a tsince shi an zubar da abin da ba a so ba.

Da irin wannan ido za ka karanta waƙoƙin wa'azi masu siffanta duhun kabari da tambayar Walakiri da siraɗi da azabar wuta filla-filla. An tsara su ne domin a rera wa jama'ar da yawancinsu ba su karanta Larabci, a girgiza zukata, don haka ka karanta su da murya, ka ji inda amsa-amo ke faɗuwa. Idan kuma ka tarar da laya a ɗinke cikin fata, shawarata ita ce ka bar ta a rufe, domin farke ta yana lalata ɗinkin da naɗin, waɗanda su ma shaida ne, kuma takardar da ta shekara a naɗe takan karye a kan lanƙwasarta.

Bayan ka gama dubawa

Maƙiyan littafi a ƙasarmu sanannu ne: gara, kyankyaso, ɓera, yoyon ɗaki da damina, da bushewar hunturu mai sa takarda ta yi ƙarau. Ka ɗaga akwatin daga ƙasa, ka nisanta shi da bango, ka riƙa buɗewa kana dubawa musamman a watan Agusta. Kada ka zuba takardu a leda, domin tana tara gumi ta haifar da fumfuna. Kada ka liƙa yagewa da salatif, kada ka kai a manne warƙa cikin roba mai zafi irin yadda ake yi wa takardar shaidar makaranta, kuma kada ka fesa maganin ƙwari a jikinta. Ƙura kuwa da burushi mai laushi ake share ta, daga tsakiya zuwa gefe. Kowane littafi a naɗe shi cikin farar takarda ko farin ƙyallen auduga, a rubuta bayaninsa da fensir a wata takarda dabam: adadin warƙoƙi, tsawo da faɗi, kalmomin farko da na ƙarshe, da sunan wanda aka gada daga gare shi.

Wayar hannu ta isa ɗaukar hoto mai amfani idan aka kashe walƙiyarta, aka ɗauki gaba da bayan kowace warƙa a jere, aka ajiye ma'auni a gefe. Sai dai ka nemi izinin dukan magada kafin ka sa wani abu a intanet, musamman wasiƙu da takardun gado da ke ambaton mutanen da zuriyarsu ke raye, kuma shafin da ke koyar da cutarwa ba na yaɗawa ba ne. Game da sayarwa, dokar Najeriya ta 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasa ba da izini ba, kuma rubutun hannu na gida da aka yi kafin 1918 yana cikin abin da ta ƙunsa.

Ido ba ya gogewa da littafi ɗaya, saboda haka ka je inda aka tara su da yawa ka kwatanta. Akwai Gidan Arewa da Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da gidan tarihi na Jos, sannan a Yamai akwai sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na Jami'ar Abdu Mumuni, wanda ya ginu a kan tarin da marubucin Nijar Bubu Hama ya fara. Ka tafi da hotunanka da bayanan da ka rubuta, ka bar ainihin littafin a gida a karon farko, kuma idan akwai wani dattijo a unguwarku da ya yi karatu a hannun mai kundin, ka fara zama da shi, domin shi ne zai iya gaya maka wane hannu ne na malam, wane ne kuma na almajirinsa.